Jirgin Haramain da alhazanmu

Wai har yanzu akwai masu zuwa Umara da ba su san akwai jirgin ƙasa tsakanin Makka da Madina ba, suna ta shan wahalar bas awa biyar ko shida. Jirgin Haramain tun 2018 yake aiki, hanyar kusan kilomita 450 ce, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kamar awa biyu da rabi ka isa, yana bi ta Jidda har da tasha a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz. Kamfanin Talgo na Sifaniya ne ya ƙera jiragen.

Amma fa in daga Madina za ka taso ka ɗaura haraminka tun a otel, jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, miƙatin masu tasowa daga Madina, kamar yadda bas ke yi, yana barin tasha kaɗan kun zo miƙati, sai dai ka yi niyya a kujerarka.

Matsalar mu kaya. Hajiya da manyan jakunkuna uku na tsaraba, gaskiya bas ya fi mata, don akwai ƙa'idar nauyi a jirgin. Tikiti kuma saye shi da wuri ta intanet, a Ramadan wallahi kujeru ƙarewa suke.