Kafin ka murɗa kusar nan

Ranar Talata na shigo shago na tarar da yaron da ke koyon aiki a wurina ya buɗe murfin rifitar wasu 'yan sintiri, wato na'urar da ke karɓar maganar oba-oba ta sake tura ta nesa, sukurdireba a hannu, oba-oba a kunne, yana murɗa kusar sauti yana "halo, halo". Na'urar awo na gefensa a lulluɓe. Na ce me kake yi? Ya ce, "Oga, sun ce muryar ta yi ƙasa ne." Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa yin wannan magana.

Ina saurayi aka ba ni rifitar wani kamfanin gine-gine, rediyon Motorola biyu a haɗe, ɗaya na karɓa ɗaya na turawa. Direbobi suka yi kukan ba sa ji sosai. Kusoshi biyu ne a ciki, ta ƙarfin sauti da ta iyaka, wadda ke hana sautin wuce gona da iri. Na murɗe duka biyun. A harabar kamfani murya ta fito rangaɗaɗau, manaja har da ba ni tukuici. Bayan kwana uku na nesa suka ce magana na yankewa, musamman in mutum ya ɗaga murya. Na ce eriya ce. Sau biyu na hau hasumiya, na sa aka sayi sabon kebul da kuɗin mutane. Har masu layin da ke maƙwabtaka da namu suka fara jin ɓurɓushin maganarmu.

Wani dattijon injiniya ne ya zo da na'urarsa. Layi mai faɗin kilohaz 25 iyakar lilonsa, wato yawan kaɗawar da murya ke sa sigina ta yi, kilohaz 5 ne, nawa ya haura 7. A FM ƙara sauti ba ya ƙara nisa, faɗi yake ƙarawa, rediyon da ke karɓa kuma ƙofarsa ƙunci gare ta. Abin da ya wuce sai ya zube, rediyon ya ɗauka hayaniya ce ya rufe bakinsa. Na ji kunya. Amma fa a yi mini adalci: ba ni da na'urar, kuɗinta ya fi ƙarfina, maigidana ma da kunne yake aiki. Kebul ɗin dai har yau yana ci mini rai.

Ku kuwa yaran yanzu na'urar na gabanku, wayarku cike da bidiyo, haƙurin minti goma ne ya gagare ku.

Na so in jero muku shawara goma, ga abin da ya saura. Cire eriya ka sa lodin gwaji mai om 50, wanda ke shanye sigina a madadin eriya. Fara da kusar iyaka: kilohaz 5, ko 2.5 in layin mai 12.5 ne, kuma a lissafa har da siririn sautin CTCSS da ke buɗe rifita ga rediyoyinta kaɗai, don shi ma yana cin nasa kason. Sannan, a layi mai 25, ka shigar da sautin kilohaz 1 a kan lilon kilohaz 3, ka daidaita kusar ƙarfin sauti har 3 ɗin ta fito. Abin da ya shiga shi zai fita, rifita ba lasifikar biki ba ce.

Kada ka yarda da kunnenka. To, amma in ka gama ka saurara, don mita ba ta san muryar da ta shaƙe ba. In babu na'ura kada ka taɓa; in ya zama dole, yi alama a inda kusar take kafin ka motsa ta.

Rifitar 'yan sintirin kuwa da muka auna lafiyarta lau. Makirfon ɗin oba-oban shugabansu ne ya toshe da ƙura.