Asabar: wa suke yi wa kiɗan?

Faifan fim ɗin wasan kiɗa da Nura ya aiko ya iso tun Laraba, amma sai yau na samu sukunin buɗe shi. Kwana uku yana kan firji a cikin ledarsa, Ummi na ta tambayata ko katin biki ne. Kun san ni da Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila, ba sai na maimaita ba. Wanda ya gaji da ji ya yi haƙuri ya wuce.

Da safe kasuwa, sannan layin gas. Mai gyaran famfo bai zo ba. Karo na uku ke nan.

Hadari ya rufe gari tun asuba, rana ko leƙowa ba ta yi ba, batirin sola bai sha komai ba. Wuta kuwa tun la'asar ɗin jiya aka ɗauke. Na duba inbata, kashi 61. Na yi lissafi, in an kashe firji da fanka, talabijin da lasifikoki za su iya kai ni ƙarshen fim. Maman Ummi ta ce in dai na kashe mata firji saboda waɗannan Turawan masu gashi har kafaɗa, to naman da ya lalace ni kaɗai zan ci. Na ce na ji, na yarda.

Wasan da suka yi ne a kufan tsohon birnin nan na Italiya, a watan Oktoba na 1971. A jikin kwali an rubuta Pompeii, ni dai Fomfei bakina ya saba. Na kalle shi ya fi a ƙirga a tsohon faifan da na saya a bakin titi tun ina gwauro, kwafin bugun 2003. Wancan bugun na daɗe ina jin haushinsa. An datse hoton sama da ƙasa don ya cika faffaɗar talabijin, sai ka ga rabin kan mutum ya tafi, an kuma cusa hotunan taurari da rokoki na kwamfuta a tsakiyar kiɗa, kamar tallan kamfanin waya. Ga nawa kwafin duk ya ƙarce, yana tsayawa yana in'ina. Wannan sabon na 2025 ne. Asalin fim ɗin da aka ɗauka da kyamara suka zaƙulo daga ma'ajiya, aka bi shi hoto bayan hoto aka share, sautin kuma wani gwanin haɗa sauti, Steven Wilson, ya sake haɗa shi.

Jama'a, bambancin ba kaɗan ba ne. Sautin farko na waƙarsu Echoes, ɗigon fiyanon nan guda ɗaya, da can ƙara ce kawai nake ji. Yau sai na ji shi kamar an jefa tsakuwa a rijiya mai zurfi, yana sauka yana dawowa. Da jitar bes ta shigo, kofunan da ke cikin kabad suka fara rawa. Kyamara tana saukowa a hankali daga can saman filin, mutum huɗu a tsakiya kamar ƙwayar gero a faranti, har ta iso gabansu. Ina ganin ƙura a kan akwatunan sauti, ina karanta sunansu da sunan Landan da aka buga a bayan kowane, ina ganin malam-buɗe-littafin da ke gaban rigar mai ganguna, Nick Mason, har da launin fikafikansa. Shekara da shekaru ban san ko mene ne ba, na ɗauka dabbare ne kawai. Na miƙe ƙafa, na ce yau ranata ce.

Ban yi minti goma ba Hajiya ta ɗaga labule. Ta zo jin dalilin da fankarta ta tsaya. Ta dubi talabijin, ta dube ni, sai ta zauna a hannun kujera, irin zaman wanda ba zai daɗe ba.

"Su kuma waɗannan fa? Me ya hana su sa riga?"

Na ce rana ce, Hajiya, can ma ana zafi.

"Ina jama'ar?"

Na ce babu.

"Ba su zo ba? Allah sarki."

Na yi dariya na ce ba a gayyaci kowa ba, da gangan aka yi. Na shiga yi mata bayani cewa a lokacin duk fim ɗin wasan kiɗa taron jama'a yake nunawa, dubban matasa suna ihu kamar na babban taron kiɗan Wudstok a Amurka, shi kuma mai shirya wannan, Adrian Maben, ya so akasin haka: makaɗa da kayansu da fili, shi ke nan. Na ƙara da cewa irin wannan kiɗan, wanda suke ce wa firog rok, ba na rawa ba ne, na saurare ne, waƙa ɗaya sai ta haura minti 20. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce:

"To wa suke yi wa?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Ta ce ita dai tun tasowarta ba ta taɓa ganin kiɗan da ba shi da mai shi ba. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari na sarki. Ko ɗan kama da ke yawo a kasuwa yana da wanda yake kallo yana jiran kwabonsa. Tana faɗa tana lanƙwasa yatsu. Sai ta rage murya: "Kiɗan da aka je kango aka yi, ba ɗan Adam a gabansa, ai kai ma ka san masu shi."

Kamar da baki, ba a daɗe ba aka shiga waƙa ta biyu, wadda mai jitar bes, Roger Waters, ke raɗa a bakin makirfo yana raɗa, can sai ya kwarara wata irin ƙara. A tsohon faifai ƙarar a shaƙe take fita. A wannan kuwa sai da Ummi ta yar da cokali a tsakar gida. Hajiya ko gezau. Ta dai juyo ta ce, "Ka ji ko? Sun iso."

Na ce a'a, wannan ma ba a kangon aka ɗauke shi ba, a ɗakin ɗaukar hoto ne a birnin Faris, bayan wata biyu. Na ce ga shaida, ki dubi mai fiyano, Richard Wright: a Fomfei da gemu, a nan babu, ya aske a tsakani. Ta ce, "Wanda ya aske gemu shi ne shaidarka?"

Da na bar maganar a nan, da an tashi ana dariya. Amma bakina bai iya shiru ba. Na ce ai ba kango ne na banza ba, birni ne guda. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyus ya yi aman wuta, toka ta binne garin da waɗanda ba su samu gudu ba, ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa ɗaruruwan shekaru kafin a tono shi. Wannan filin da suke ciki yana ɗaukar mutum wajen dubu 20, nan ake haɗa mayaƙa su sari juna jama'a na tafi.

Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta yi salati a hankali. Ta ce su abin da suka ji a wurin malamai, in hanya ta bi da kai ta kufan mutanen da aka halaka, ka sunkuyar da kai, ka ƙara sauri, in da hali ma ka yi hawaye. "Su kuma sai suka kwaso ganguna."

Na ce Hajiya, ni ban ce azaba aka yi musu ba, dutse ne ya fashe, sanin sauran sai Allah. Kuma ki saurara da kyau, wannan ba kiɗan shagali ba ne, ya fi kama da makoki.

"Makoki ba riga?"

Nan ma ta gama da ni.

Don in sassauta zancen na ba ta labarin wutarsu. Sun kwaso kaya a manyan motoci tun daga Landan, don sun ƙi yarda a sa faifai su riƙa motsa baki. Da suka iso sai aka tarar wutar wurin ba za ta ɗauki kayan ba, kwana biyu suka tafi a banza, a ƙarshe sai doguwar waya aka jawo tun daga ofishin hukumar gari. Wannan kam ya yi mata daɗi. Ta ce ashe har Turai ana jan waya daga maƙwabta. Ta tambaya wa ya biya kuɗin wutar. Na ce wannan kam ba a nuna a fim ba.

Ta ce za ta tashi, ba ta tashi ba. Ta ga David Gilmour zaune dirshan a ƙasa, jita kwance a cinyarsa, yana goga mata ɗan ƙarfe tana kuka. Ta ga Waters yana jibgar ƙaton farantin tagulla, rana a bayansa, shi kamar inuwa. Ba ta ce komai ba. Sai da aka zo waƙar One of These Days, inda kusan duk hoton a kan mai ganguna yake, da dare, fitilu a kansa. Yana cikin zuba kiɗa sanda ɗaya ta kuɓuce masa ta yi sama. Kafin ta faɗi ya zaro wata, ko bugu ɗaya bai rasa ba. Hajiya ta riga ni magana: "Sandarsa ta tashi!" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Wannan dai ya gaji sana'a." Ban gaya mata cewa ba gado ya yi ba, a makarantar koyon zanen gine-gine suka haɗu da Waters da Wright. Na bar mata.

Aka kira azahar, ta tashi. A bakin ƙofa ta ce in tuna da fankarta.

Na tsayar da faifan na je masallaci. Da na dawo na ci gaba, amma daɗin nan na farko ya tafi. Ba makaɗan nake kallo ba kuma, wuraren zaman da ke kewaye da su nake kallo. A tsohon faifai ba na lura da su, duhu-duhu ne kawai a bayan mutane. Yanzu da aka wanke hoton, sai ga su layi bayan layi, dutse da ciyawa, kowane gurbi a fili. Gyaran da na yi ta ɗoki tun Laraba shi ya fito mini da abin da Hajiya ta gani da kallo ɗaya. Na tuna yadda masu tono suka riƙa samun ramuka a cikin tokar da ta daskare, a 1863 wani mai suna Fiorelli ya fara zuba musu farar ƙasa, sai ga siffar mutum ta fito yadda ajali ya same shi, wani a dunƙule, wani ya rufe fuska. Na daɗe da sanin wannan. Ban taɓa haɗa shi da kiɗan ba sai yau.

Wright ya rasu a 2008. Gilmour ya koma wannan filin a 2016, wannan karon da 'yan kallo, amma ya ƙi buga Echoes saboda babu Wright. To shi ke nan ma yana da wanda yake yi wa. Da na tuna wannan tun tana zaune, da na samu abin faɗa. Kullum haka nake, sai an watse amsa take zuwa.

Akwai wata amsar da ta zo mini, na ce ai ni suke yi wa: ni da ke zaune a falo, fanka a kashe, ina gumi, bayan shekara hamsin da ɗoriya. Na ɗan ji daɗinta, sai na ga ba ta riƙe ruwa. Ko haihuwata ba a yi ba a lokacin. Mai kalangu yana ganin idon mahaucinsa, yana kiran sunan ubansa. Waɗannan kyamara kawai suke gani, da junansu.

Ummi ta shigo daidai wurin kare, karyar nan da aka kwantar, Gilmour na busa, Wright na riƙe mata makirfo tana haushi a kan kari. Ta yi dariya har da faɗuwa, ta sa na maimaita mata sau biyu. Wannan maimaicin ne ya cinye ni. Ana cikin kashi na biyu na Echoes, kyamara ta fara ja da baya tana komawa sama, mutum huɗun suna ƙanƙancewa, sai inbata ta fara kuka. Na ce ko minti biyu ta ba ni. Ɗif.

Faifan yana cikin na'ura, ta ƙi buɗe baki sai an kawo wuta.

Nama bai lalace ba. Maman Ummi ta duba sau biyu, kamar ba ta so hakan ba.

Tuwon shinkafa da miyar taushe. Ruwa ya sauko bayan magariba, mai ƙarfi, kwanon rufi har ba a jin magana. Ina zaune a duhu ɗigon fiyanon nan yana ta dawo mini, da muryar Hajiya a bayansa.

Bayan isha'i Ummi ta zo da saƙo. Wai ta ba Hajiya labarin karen da ke waƙa, Hajiya ta ce ƙarya ne, in an kawo wuta a kira ta ta gani da idonta. Wai a gaya mini ba don kiɗan ba.

Nura yana son faifansa ranar Litinin. Mai famfo ya ce gobe.