Zuwa ga 'yan gidan kallo na Gusau: ba rowa ce ke damun Manchester United ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga birnin Manchester nake rubuto muku, da fatan kowa yana lafiya. Ya muka ji da halin da ƙauyukanmu ke ciki? Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Musun da kuke tafkawa a gidajen kallo na Tudun Wada da Sabon Gari yana iso mu ta WhatsApp, wai masu Manchester United marowata ne, shi ya sa kofi ya gagara. Ban yarda ba. Kulob ɗin da ya zube fam miliyan 89 a kan Pogba a 2016, ya ƙara miliyan 80 a kan Maguire a 2019, ba a ce masa marowaci. Abin tambaya shi ne, aljihun wa ake taɓawa?

A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi kulob ɗin a kan kusan fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rance ne, kuma suka ɗora wa kulob ɗin nauyin biya, alhali kafin zuwansu ba ya fama da bashi. Kamar mutum ne ya karɓi saniya bashi a kasuwar Talatar Mafara, ya ce da nononta za a biya mai ita, shi kuma kullum ya zo da ƙwaryarsa. Tun daga lokacin, ɗaruruwan miliyoyi sun tafi a kuɗin ruwa kawai. Daga kakar 2015/16 zuwa 2022 kuma suka riƙa raba wa masu hannun jari riba duk shekara, su ne kuwa masu kaso mafi tsoka. Su Pogba ɗin da kuɗin da kulob ya samo da kansa aka saye su.

Wani zai ce ai a hannun iyalan Glazer aka ci Firimiya sau biyar da kofin zakarun Turai na 2008. Gaskiya ne, amma wannan aikin Alex Ferguson ne. Tun da dattijon ya ajiye aiki a 2013 ba a sake ɗaga Firimiya ba.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ta fito ne daga bakin Ed Woodward, ma'aikacin bankin da ya taimaka musu wajen cinikin, daga baya suka damƙa masa ragamar kulob. A 2018 ya shaida wa masu zuba jari cewa abin da 'yan wasa ke yi a fili ba ya wani tasiri na a zo a gani a kan kasuwancin kulob ɗin. Kuma mutumin bai yi ƙarya ba, nan ne abin ya fi ciwo. A ci ko a sha kashi, kamfanoni na biyan kuɗin talla, ana sayen riga. Kai ma da ka biya kuɗin shiga gidan kallo kana ciki, domin mai gidan ya biya DStv, su kuma sun biya hukumar Firimiya, ita kuma ta raba wa kulob-kulob. Ranar da aka lallasa United, da dare ka rantse ka bar su, mako na zagayowa kai ne a bencin gaba. Masu kulob sun fi ka sanin haka.

Mutanen nan garin ba su zauna ba. A 2005 wasu suka ɓalle suka kafa nasu kulob, FC United of Manchester. A watan Mayun 2021, bayan yunƙurin kafa Super League, wato sabuwar gasar da wasu manyan kulob-kulob na Turai suka so ware wa kansu, magoya baya suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Duk da haka iyalan Glazer suna nan.

Da attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya sayi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kulob ɗin a 2024 aka ba shi harkar ƙwallon, na san da yawanku kun yi murna. Shi ɗan yankin ne, tun yana yaro yake goyon bayan kulob ɗin. Sai ga shi an sallami ma'aikata kusan 250, an mayar da tikitin wasu wasanni fam 66 ba rangwame ga yaro ko tsoho. Kakar 2024/25 kuwa a na 15 aka ƙare, Tottenham ta kuma doke su a wasan ƙarshe na Europa.

Ba ina cewa masu kulob ɗin ba sa son nasara ba ne. Suna so, kamar yadda kowa ke son gyara a kan ciniki. Amma abin da ke hana su barci shi ne rasa gurbin zakarun Turai, don can kuɗin yake. Na huɗu ya ishe su, kai kuma kofi kake jira.

Kada ma mu cika yi musu dariya. Yawancin kulob-kulob ɗinmu na gida na gwamnatocin jihohi ne, ba riba ake nema da su ba, kofin ma sai in ya zo. A cikinku wa zai iya lissafo mini 'yan wasan Zamfara United biyar ba tare da ya duba waya ba? Ina jiran amsa.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan'uwanku a Manchester