Shekara huɗu ina goge hannuna

Jiya na kwashe burushina daga shagon oga, bayan shekara huɗu cif ina masa zane. Duk wanda yake harkar nan a Legas ya san aikin, motar haya danfo mai ruwan ɗorawa, kwale-kwalen Makoko, mata ɗauke da tire, a zana goma a sati a kai kasuwar Lekki don Turawa.

Ni tun ina yaro a Agege hannuna ya saba da layi mai kauri mai nannaɗewa, don a gaban babana na tashi yana zana aska takwas a jikin shadda kafin a ɗinka, to ko mutum zan zana sai ka ga layin yana neman ya koma dagi. Oga kuwa da ya gani sai ya ce "Malam goge wannan, ba babbar riga muke ɗinkawa ba." Ni kuma in goge. Wautar nan tawa ce, ba tasa ba. Har kwaikwayon shuɗin shahararren mai zanen nan Yusuf Grillo na koma yi wai ko a ce na waye, alhali shi kansa Grillo a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiya a 1958 suna cewa kowa ya ɗebo zanen gidansu ya gauraya da na boko. Ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya ɗebo uli, zanen jiki da bango na Ibo. Ni nawa yana hannuna ina bin sa da tsumma.

Bara da azumi bayan asham na zana masu sauke albasa a kasuwar Mile 12 yadda raina yake so, ban goge komai ba, na jingine shi a shago ya bushe. Na dawo bayan sallah babu shi, ashe oga ya sa hannunsa a ƙasa ya sayar wa wata mata a Ikoyi kuɗin zanen danfo biyar. Da na yi magana wai fentinsa ne, ƙyallensa ne. Washegari ko kunya babu ya ce in yi masa irinsa guda shida.

Ƙannena masu shigowa, ku sa hannu tun fenti bai bushe ba. Ku ɗau hoto a waya. Abin da ake yawan ce muku ku goge, ku tsaya ku kalle shi tukuna.

Guda shidan dai na yi su, da fentin da na saya da kuɗina. Suna ɗakina a Agege, kowanne da sunana a ƙasa.