Buton da ya haɗiye rabin magana

Mu uku ne a ɗan buronmu nan Maradi, ni da yara biyu da suka gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, aikinmu haɗa ma ƴan kasuwa manhajar waya, yawanci ta lissafin kaya da bashi. Wallahi abin da ya fi cin min lokaci bana ba wani babban abu ba ne, ɗan buton ne da ake latsawa.

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa da mai a babbar kasuwa muka yi ma aiki. Da faransanci muka fara, sai ya ce yaran shagonshi hausa suka fi ganewa, ai ma tun 2025 ita ce harshen ƙasa, to muka juya. Akwai buton biyu gefe da gefe, ɗaya "Rubuta bashin da aka ɗauka" ɗaya "Rubuta bashin da aka biya". A wayata lafiya lau. Kwana uku sai ga kira, "ɗana zo ka gani, abin nan naka duk magana guda yake yi". Na hau kabu-kabu na je, na ce ranka ya daɗe mu gani, ashe ya ƙara girman rubutun Tecno ɗinshi saboda ido, buton biyun duka sun koma "Rubuta bashin da aka..." sai ɗigo uku. Yaro ya latsa wanda ya ga dama, jika 80 da mutum ya biya ta shiga sabon bashi, har an fara cacar baki.

Laifina ne ba na kowa ba. Na ɗaure tsayin buton a 48dp, dp ma'auni ne da ba ya bin girman rubutu, na ce layi guda kawai, alhali rubutu da ma'aunin sp yake tafiya wanda ke bin zaɓin mai waya, shi kuma akwatin yana nan daram ba ya motsi, kamar ka ɗinka ma yaro riga ka ce kar ya girma. Kuma tun Android 14 mutum na iya kai rubutu har kashi 200 cikin ɗari.

Gyaran bai da yawa. Tsayi na maida shi wrap_content don akwatin ya bi rubutu, 48 ɗin nan na bar shi a minHeight, wato mafi ƙarancin tsayi, saboda kar ya yi ƙanƙanta yatsa ya kasa samu, na cire dokar layi guda, na bar ɗan fili sama da ƙasa. Sai wata matsalar ta ɓullo, wanda ya zama layi biyu ya zame ƙasa ya bar ɗan uwanshi a sama don jerin yana daidaita su ne da layin rubutu na farko, sai da na kashe wannan daidaitawar, baselineAligned, sannan na sa su ɗauki tsayi guda. Wannan kam ta cinye min dare, ga wuta an ɗauke ga zafin Maradi.

Ɗaya daga yarana ya ce me zai hana mu sa rubutun ya riƙa tsukewa da kanshi, dabarar na nan tun Android 8. Ban yarda ba. Mutum ya ƙara girma don ya gani kai kuma ka rage mishi ta bayan gida?

iPhone ba su da yawa a hannun masu ba mu aiki amma tasu ta fi ban haushi, a tsohon tsari ko ka sa numberOfLines a sifili, wato ka cire iyakar yawan layi, rubutun ne zai sauka layi biyu buton bai bi shi ba, sai ya zubo waje. Daga iOS 15 a 2021 suka kawo sabon tsari da ya sauƙaƙa.

Yanzu akwai wata tsohuwar itel a teburina, rubutunta na ƙure har ƙarshe, duk aikin da bai wuce ta ba ba ya fita. Na Alhaji kuma daga baya ma na sauya maganar, "Sabon bashi" da "An biya", ya ce to da ma haka ka yi tun farko.