Daƙiƙa talatin ɗin da Oga ya koya min

Shekarata ta biyu kenan a wani shagon bindigogi da ke Hustan, jihar Teksas, irin wanda ke da filin gwajin harbi a baya. Da farko shara da goge-goge aka ɗauke ni, ina tsince kwanson harsashi a ƙasa, daga baya ne Oga ya ga ba ni da rawar kai ya fara sa ni tsayawa bayan masu harbi ina sa musu ido. Oga dattijo ne, tsohon soja, shi ke gyaran bindigogin da lasisinsa na ATF, hukumar gwamnatin Amurka mai kula da harkar bindigogi, dan a Amurka ma da ake ganin bindiga kamar ruwan dare, in dai gyara za ka mai da sana'a sai da takarda. Ni dai har yau ban kai matsayin taɓa cikin bindigar kowa ba, nawa kallo ne da miƙo kayan aiki.

Wata Asabar wani saurayi ya zo da ƙaramar bindigarsa ta hannu, yana ta fankama da ita gaban abokansa. Ya harba uku lafiya, na huɗu sai muka ji ƙyas, ba ƙara. Kafin ka ce kwabo ya juyo da ita yana leƙe-leƙe, bakinta ya bi ta kan ƙafar abokinsa ya biyo ta cikina, ni kuma da aka ajiye dan in hana irin wannan, wallahi sai na tsinci kaina ina matsawa kusa ina son in ga me ya faru. Oga ne ya daka tsawa daga can ƙofa, ya ce a mai da bakinta gaba, kar wanda ya motsa. Muka tsaya cirko-cirko yana ƙirge da ƙarfi har talatin, sannan ya zo ya cire gidan harsashin ya fitar da wanda ya ƙi tashi.

Da aka tashi aiki ni ya zaunar ya wanke tas, bai ma bi ta kan yaron ba. Ya ce bindigar da ta ƙi tashi ba ka san ko fasawa ta yi ko jinkiri take ba. Akwai harsashin da bai kama ba sam, akwai kuma wanda wutar ta kama amma tana ci a hankali, sai bayan ɗan lokaci ya tashi, kuma daga waje duk ɗaya suke, ƙyas ɗin ɗaya ne. Shi ya sa ake koyar da cewa a riƙe ta tana kallon gaba aƙalla daƙiƙa 30. Daƙiƙa 30 fa kamar wasa, amma ka gwada tsayawa da bindiga a hannu mutane na kallonka, za ka ji kamar an yi awa.

Na uku shi ne ya fi ba ni tsoro tun da na san shi. Wani lokaci albarushin cikin harsashi ya yi kaɗan ko babu ma gaba ɗaya, sai ka ji ƙara ’yar ƙarama, fus, bindigar ba ta ja hannunka kamar yadda ta saba ba, to kan harsashin ya fita daga kwanso amma ya maƙale cikin bututu. Wanda bai sani ba sai ya sake ɗanawa ya harba a kai, bututun ya kumbura ko ya fashe a hannunsa. Duk wanda ya taso yana kallon Bruce Lee ya san ɗansa Brandon ya mutu sakamakon harbin da ya same shi a wajen ɗaukar fim a 1993, can Wilmington ta Karolina ta Arewa, to irin wannan ne, kan harsashi ya maƙale cikin libarba ba a duba ba, aka zo aka sa harsashin wasa mai ƙara kawai, shi ya tunkuɗo na cikin. Yanzu kunnena ya koyi wannan fus ɗin, ko ta cikin abun toshe kunne ina jin ta, kuma sau ɗaya na tsai da wata mata kafin ta sake matsa kunama, muka duba kuwa ga shi nan a ciki.

Mu koma kan saurayin nan. Oga ya tambaye shi me ya canza a bindigar, ya ce ba komai. Ya sake tambaya, ya ce ba komai, harsashin ne mara kyau. Oga ya ɗau harsashin ya nuna min gindinsa, inda allurar bindiga ke bugawa, tabon ɗan mitsitsi ne kamar an taɓa da tsinke, sannan ya ɗauko kwanson wani da aka harba da wata bindigar, nasa tabon ya lotsa sosai. Ya ce wannan ba laifin harsashi ba ne, duka ne bai kai ba. Sai a sannan yaron ya ce e to, ya ɗan sayi wasu sifirin a intanet ya sa, dan kunamar ta yi laushi, wai ya gani a bidiyo. Irin tasa daga kamfani sai ka sa ƙarfin wajen kilo biyu da rabi kafin ta tashi, shi kuma yana son ta zama kamar ta masu gasa. Ta yi laushin, amma allurar ta rasa ƙarfi. Gyaran da Oga ya yi bai wuce mai da kayan kamfani inda suke ba, ya gwada da harsashi kwali guda, duk suka tashi, ya caje shi kuɗin da ya fi na sifirin ɗin.

Abun da na lura, kusan duk mai zuwa da irin wannan matsalar sai ya fara ɓoye hannunsa a ciki, kunya ce ko girman kai oho. Kuma ba abu ɗaya suke canzawa ba, uku huɗu lokaci guda, in ta ƙi aiki su kansu ba su san wanne ne ya jawo ba. Ni ra'ayina, bindigar da mutum ya ajiye dan kare kansa ba wajen koyon kanikanci ba ce, wanda ya zana ta ya auna kowane sifirin da ɗan'uwansa, kai kuma ka zo da bidiyon minti goma. Wasu a shagon ba su yarda da ni ba, suna cewa ai kayanka ne, ka yi yadda ka so. To, amma cikina ba kayansa ba ne, kuma ta nan bakin bindigar ya bi.

Ran Lahadi na kira Kawu a gida, tsohon mafarauci ne, har yanzu bindigar tokarsa na rataye a ɗaki. Ina ta zuba masa bayani kamar na zo da sabon ilimi, sai ya yi dariya ya ce, kai yaro, talatin kawai? Ya ce tasu ta ɗure in albarushi ya sha sanyin damina ta ƙi tashi, mutum ba ya ko leƙa ta, a nan zai riƙe ta tana kallon daji har sai hannu ya gaji. Ya ce akwai wani cikin abokan farautarsu da yatsu uku suka rage masa a hannun hagu, kuma ba kura ce ta cinye sauran ba. Na ce Kawu ai a nan ma masu irin taku ana ce musu su jira minti ɗaya ko biyu. Ya ce to su Turawan naka sun fara hankali, ka gaishe min da Ogan naka.