Kan yatsan ƙanena da sarƙar babur ta datse

Ƙanena bakaniken babura ne. Wata ranar Talata da la'asar yana shafa wa sarƙa mai alhali inji na aiki, sai ta kama masa manuniyar hannun dama ta datse kanta daidai rabin farce. Yaran gareji suka tsinci guntun suka cusa shi cikin ƙanƙara, muka garzaya asibiti ina da yaƙinin cewa za a mayar da shi a ɗinke.

Likitan ya fara da gyara mana kuskurenmu. Ya ce ana naɗe guntun ne a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa shi a leda a ƙulle, sannan a tsoma ledar cikin ruwan ƙanƙara, domin ƙanƙara tana lalata naman da ta taɓa kai tsaye. Sai dai ko da mun yi daidai, sarƙa ba ta yanka kamar wuƙa, murƙushe nama take yi, ga shi kuma jijiyoyin jinin da ke kan yatsa ba su kai milimita 1 ba a kauri. Mayar da yatsan da ya guntule abu ne mai yiwuwa, tun daga 1965 da likitoci Komatsu da Tamai suka mayar da babban yatsan wani mutum a Japan, amma aiki ne na sa'o'i a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, kuma sau da yawa ba a samun jijiyar da za ta kwashe jini daga guntun, har akan ɗora masa matsattsaku su tsotse. Galibi ƙananan yara ne akan ɗinke wa guntun haka nan ba tare da haɗa jijiya ba, kuma yakan kama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, idan raunin bai wuce kamar santimita 1 ba kuma ƙashi bai fito ba, likitoci da yawa ba sa yin tiyata sam. Wanki da sauya bandeji ne kawai na makonni, nama ya ciko da kansa, kuma jin taɓawa yakan dawo fiye da wanda ake samu idan an ɗebo fata daga wani wuri an liƙa.

Na ƙanena ƙashi ya leƙo, don haka dole a rufe shi da nama mai jini. Ana iya ɗaga fatar bayan yatsan da ke kusa, ko ta tudun tafin hannu, a ɗinke yatsan a jikinta na mako 2 zuwa 3 kafin a raba, amma gaɓoɓi kan sandare, musamman ga masu shekaru. Ana iya kuma rage ƙashin a rufe, wanda ya fi saurin warkewa amma yatsa ya gajarce. A nan ne ƙanena ya juyo ya ce mini, "Yaya, da wannan yatsan nake kama noti."

Tunda yankan a miƙe yake, likitan ya zaɓi dabarar da wani likita mai suna Atasoy da abokan aikinsa suka bayyana a 1970 a Amurka. Ya yanki fatar cikin yatsan a siffar V, ya sassauto ta ba tare da raba ta da jijiyoyinta ba, ya janyo ta sama ta rufe ƙashin, ɗinkin ya koma siffar Y. An yi aikin da allurar kashe zafi a gindin yatsa, aka yi masa ta tetanus, muka kwana a gida.

Bayan kusan wata 2 ya koma gareji. Farcen ya fito, ko da yake ya ɗan lanƙwasa ƙasa saboda ƙashin da ke tallafe shi ya ragu. Da hunturu ya kama kuwa, sanyin asuba yakan sa yatsan ya riƙa yi masa zogi, abin da likitan ya gargaɗe mu a kai tun farko, shi ya sa yanzu yake sa safar hannu kafin ya buɗe akwatin kayan aiki.